Abubakar Imam, malamin da ya naɗa aku waziri

A shekarar 1933 wani Baturen ilimi mai suna Rupert East ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su yi abin da ba su saba yi ba: su ƙago labari da Hausa, su rubuta shi da boko, Hukumar Talifi ta Zariya ta buga. Malaman wancan zamani sun san rubutun waƙa da wa'azi da tarihi, amma tatsuniya a wurinsu aikin tsofaffin mata ce da yara bayan sallar isha'i. Duk da haka gasar ta haifar da littattafai biyar. Akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Na huɗu ya fito ne daga hannun mutumin yammacin Kano, Malam Muhammadu Gwarzo, wanda ya rubuta Idon Matambayi, labarin ɓarayi da dabarunsu. Mutanen Gwarzo suna da ikon tinƙaho da cewa da ɗansu aka aza harsashin ƙagaggen labari na Hausa, ko da yake samarin garin da suka taɓa riƙe littafin a yau ba su da yawa.

Na biyar shi ne Ruwan Bagaja, kuma mai shi saurayi ne ɗan shekara 22, malamin Turanci a Makarantar Midil ta Katsina. Sunansa Abubakar Imam. Daga cikin su biyar ɗin shi kaɗai rubutu ya zame wa sana'ar rayuwa, shi ne kuma ya ba yaran Hausa dabbar gida mafi shahara a adabinsu, wato aku mai jan wutsiya da ya fara a keji ya ƙare a kujerar waziri.

Daga Kagara zuwa Katsina

An haife shi a 1911 a Kagara, wadda ke cikin Jihar Neja a yanzu. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne da ya riƙe alƙalancin garin, saboda haka allo da Larabci ya fara sani kafin boko. Yayansa Bello, wanda ya girme shi da kusan shekara 20, yana koyarwa a Katsina, shi ne ya jawo shi can. Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya fita a 1932. A cikin shekarun nan biyar ya yi zama ɗaya da Ahmadu Bello da Tafawa Ɓalewa, waɗanda daga baya suka zama Firimiyan Arewa da Firayim Ministan Nijeriya. Makarantar ƙarama ce, an gina ta ne don samar wa En'e malamai, sai ga shi ta samar wa Arewa shugabanninta na farko kusan gaba ɗaya.

Kagarar da ta haifi wannan mutum ita ce garin da 'yan bindiga suka shiga makarantar kimiyya ta gwamnati a watan Fabrairun 2021, suka kashe ɗalibi ɗaya, suka kwashe wasu 27 tare da malamai da iyalansu. Yawancin matasan yau da wannan labari suka san sunan garin.

Ruwan Bagaja ya nuna baiwarsa tun da wuri. Labari ne na Alhaji Imam da ya fita neman ruwan magani, da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman, suna ta ɗana wa juna tarko daga gari zuwa gari. Wanda ya karanta Maƙamatul Hariri a zaure zai ji ƙamshinsa a ciki. Abin da ya ja hankalin East shi ne ban dariyar, da yadda yaron yake rubuta Hausa kamar ana hira a gindin bishiya. Don haka a 1936 ya sa aka ba shi aron Imam daga Katsina zuwa Zariya, aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da Turawa da mutanen Indiya, aka ce ya samar wa makarantu littafin karatu. Cikin wata shida ya gama rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939. Yana da shekara 25 lokacin da ya rubuta su.

Tsuntsun da aka saya da tsada

Ƙashin bayan littafin sananne ne ga duk wanda ya yi firamare a ƙasar Hausa kafin littattafai su ƙaurace wa azuzuwa. Sarki Abdurrahman yana da ɗa, Musa, da jika, Mahmudu. Wani Balarabe ya kawo aku na sayarwa, ya sa masa kuɗi mai yawa, tsuntsun kuma ya kare farashinsa da bakinsa har aka saye shi. Yaƙi ya taso da Sarkin Sinari, Sarki ya fita da Mahmudu, ya bar Musa a gida. Wazirin Sarki kuwa maci amana ne, so yake yaron ya fito daga fada ya faɗa hannun abokan gaba. Kowane dare Musa yakan shirya zai bi sahun dakaru, kowane dare aku yakan ɗauko labari ya riƙe shi har gari ya waye. Da Sarki ya dawo asiri ya tonu, aka ba aku wazirci. A littafi na biyu ya kara da akun wani sarki a gasar ba da labari, a na uku kuma ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar.

Wannan tsari ba Imam ne ya ƙago shi ba. Asalinsa wani tsohon littafin Indiya ne na labarai saba'in na aku, wanda Farisawa suka juya zuwa harshensu a ƙarni na 14. A can matar wani falke ce aku yake hanawa fita wurin kwarto. Imam ya cire matar da kwarton, ya sa ɗan sarki da yaƙi, domin littafin na yara 'yan makaranta ne. Haka ya yi da sauran labaran. Ya ɗebo daga Alfu Laila, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamusawa na 'yan'uwan nan Grimm, da na gida. Mai busar da ya kwashe ɓerayen garin Hamelin ya koma Sarkin Busa. Kuyangar Bajamushe da ta cinye kajin baƙo ta koma Kalalatu matar Kalala. Ya yi musu wanka da Hausa har yawancin masu karatu suka girma suna zaton daga bakin kakanninsu aka ji su. Masu nazari sun daɗe suna gardama a kan ko wannan aro ne ko ƙirƙira. A ganina duk wanda ya gwada mayar da labarin wata ƙasa ya zama na Kano ba tare da ɗinkin ya fito ba zai daina raina aikin.

Akwai wuri guda a farkon littafin da malamai kan wuce da sauri, alhali shi ne ya fi nauyi. Aku yana da mata, an saya masa ita don ta ɗebe masa kewa. Ita Musa ya fara tunkara da maganar fita. Ta gaya masa gaskiya tsirara, ta hana shi, shi kuwa ya fusata ya kashe ta. Mijin yana kallo. Daga nan ne ya gane cewa ba a cewa ɗan sarki a'a, sai dai a ja shi da labari har lokaci ya ƙure masa.

Yaro ɗan shekara goma da ya karanta wannan wuri yana ganin abu biyu. Yana ganin ɗa mai gata ya halaka ran da aka damƙa masa amana saboda fushin minti ɗaya, kuma ba mai iya dawo da shi. Yana kuma ganin wanda aka ƙi kashewa shi ne ya ceci ran mai shi. Imam bai tsaya yin wa'azi a kan haka ba, ya bar labarin ya yi aikinsa. A ƙasar da ake karanta hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare, darasin ba baƙo ba ne. Sabon abu shi ne zuwansa cikin littafin boko, da dariya, da zane. Zanen kuwa aikin wata 'yar ƙasar Beljiyam ne, Jacqueline de Naeyer, wadda East ya aura daga baya.

Littafin yana da nasa tabo. Barkwancinsa sau da yawa a kan Bafulatani yake sauka, ko Bamaguje, ko baƙauye, ko mace. Wasa tsakanin ƙabilu tsohon abu ne a ƙasar Hausa, amma abin da ake yi baki da baki tsakanin taubasai yakan canza kama idan aka buga shi aka raba wa yara a aji. Malamin da zai karantar da shi a yau yana da bayanin da zai ƙara.

Aku a ofishin edita

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam ne editanta na Hausa, ya kuma riƙe kujerar shekara 12. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta kafa ta, kuma ɗaya daga cikin dalilanta shi ne kashe jita-jitar da ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus ta Hitila. Wato jaridar hukuma ce, da kuɗin hukuma, a ƙarƙashin idon Bature. A gefe guda ga sarakuna, waɗanda ba su saba a ambaci aibin En'e a bainar jama'a ba. Wanda ya karanta rayuwar Imam daga wannan lokaci zai yi wuya ya kasa tuna akunsa.

Ya buɗe shafin wasiƙu, malaman makaranta da akawuna da 'yan kasuwa suka fara rubuto kokensu. Ya yi rubutu a kan cin hanci, da zaluncin ma'aikatan hakimai, da ƙarancin makarantu, amma da karin magana da misali da zolaya, ta yadda wanda aka soka zai ji zafi ya rasa inda zai kama. Hausar da ya daidaita a shafukan nan, tare da East, ita ce ta zama ma'aunin rubutun boko da jaridu da gidajen rediyo suka gada.

A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka gayyaci editocin Afirka ta Yamma zuwa Ingila. Imam ne kaɗai daga Arewacin Nijeriya. Nnamdi Azikiwe, wanda ke cikin tawagar, ya shirya takardar neman a sa wa ƙasashen yankin ranar samun mulkin kai. Imam ya ƙi sa hannu. Hujjarsa ita ce ba a aiko shi da wannan ba, kuma Arewa ba ta da ma'aikatan da za su riƙe ta idan Bature ya tafi. 'Yan kishin ƙasa na Kudu ba su yafe masa da wuri ba. Amma a wannan tafiya ce ya zauna da Lugga, tsohon gwamnan da ya kafa mulkin sarakuna a ƙarƙashin Turawa, ya zayyana masa yadda tsarin ya toshe wa matasa masu ilimi hanya, ya kuma bar talaka ba wurin kai kuka. Labarin tafiyar shi ne littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi na 1944.

Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa tare da Dakta R. A. B. Dikko a ƙarshen shekarun 1940, lokacin tana ƙungiyar al'adu, kuma Sa'adu Zungur da Aminu Kano suna ciki. Ba a daɗe ba hanya ta rabu. A watan Agustan 1950 aka kafa NEPU a Kano, masu cewa a gaya wa sarauta gaskiya a fuskarta, kome zai faru ya faru. Sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai saboda haka. Imam ya zauna a ɓangaren da ya zama NPC, aka zaɓe shi Majalisar Dokokin Arewa a 1951, ya kuma je Majalisar Wakilai a Legas.

A nan ne matashin yau yake da ikon yi masa tambaya mai zafi. Aku ya ceci Musa, gaskiya ne, amma gadon sarauta ya ceta, ladansa kuma rawani. Ba a taɓa jin ya tambayi dalilin da ya sa ran matarsa ya tafi a banza ba. Masu ra'ayin sawaba za su ce wannan ita ce siyasar Imam gaba ɗaya: gyara daga ciki, a hankali, ba tare da an taɓa tushen ba. Masu kare shi za su ce shekara 12 ya yi yana faɗar abin da wani bai isa ya buga ba, kuma jaridar ba ta mutu a hannunsa ba. Ni dai na fi karkata ga cewa Arewa ta buƙaci iri biyun, kuma ta fi saurin karrama iri ɗaya. Abin lura shi ne siyasar jam'iyya ba ta riƙe shi ba. Kafin tsakiyar shekarun 1950 ya bar ta, ya koma aikin littattafai a hukumar NORLA, daga nan ya shiga Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, wadda ya shugabanta daga baya. A shekarun 1970 ya riƙe ofishin sauraron koke-koken jama'a a Kaduna, aikin da ya yi kama da shafin wasiƙun da ya buɗe yana saurayi.

Giɓin da ya rage

Bai daina rubuta wa yara ba. Ƙaramin Sani Ƙuƙumi nasa ne, haka Ikon Allah, jerin littattafan da suka rubuta da East a kan halittu da tsirrai da yadda duniya take aiki. Ya kuma rubuta tarihin Annabi da na halifofi. Sai dai duk waɗannan na yaron da ya riga ya iya karatu ne. Magana Jari Ce rubutu ne cunkus, zane jefi-jefi. Littafin ɗan shekara huɗu ko biyar, mai babban hoto da jimla ɗaya a shafi, wanda uwa za ta karanta wa yaro yana nuna akuya da yatsa yana dariya, wani fanni ne dabam.

A shekarar da littafi na farko na Magana Jari Ce ya fito, 1937, a ita ce wani Ba'amurke mai laƙabin Dr. Seuss ya fitar da littafinsa na farko na yara. Can fannin ya bunƙasa ya zama kasuwa mai zaman kanta, har akwai reshe guda na littattafan ban dariya da ke koya wa yaro cewa kare ko kyanwa ba abin wasa ba ne, yana jin yunwa, yana ciwo, yana buƙatar wanka ko da ranar ba ka so. A nan kuwa NORLA ta rushe a 1959. Kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, ya ci gaba da buga tsofaffin littattafai. Da adabin kasuwar Kano ya ɓarke a shekarun 1980, manya da 'yan mata ya nufa, domin su ke da kuɗin saye, kuma buga hoto mai launi yana da tsada. Littattafan koyon karatu na Mu Karanta da aka raba a Sakkwato da Bauci da kuɗin Amurka aka yi su. Ka shiga shagon littattafai a Kano ka nemi littafin hoto na Hausa a kan kiwon dabba, za ka sha yawo.

Abin takaicin shi ne babu yaran da suka fi na karkarar Kano zama da dabbobi. A Getso ko Garo, ko ƙauyukan da ke kewaye da madatsar Guzuguzu a Kabo, yaro yakan mallaki tantabara kafin ya mallaki takalmin makaranta. Shi ke yanko wa zomo ciyawa, shi ke kai tumaki kiwo, shi ke ba ragon layya dusa wata da watanni, ya kuma yi kuka ranar Sallah. Yarinya takan fara tara abin aurenta da 'yar akuyar da gwaggo ta ba ta. Ga karnukan farauta da na gadi, waɗanda yawanci ba mai kai su wurin malamin dabbobi. Yaran nan sun san aikin kiwo fiye da duk wani marubuci, amma akwai abin da ba a gaya musu, kuma yana kisa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan dukkansu daga cizon kare ne. Idan alamun ciwon suka bayyana, da wuya a tsira. Amma idan aka wanke wurin cizon da ruwa da sabulu na minti 15, aka garzaya asibiti aka fara allura, ana kuɓuta. Idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, ciwon yakan daina yawo. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin allurar karnukan a cikin ƙasar nan. Yaro kan ɓoye cizo don tsoron faɗa, musamman idan shi ya tsokani karen. Wannan bayani ne da shafi goma sha biyu na hoto da barkwanci za su iya dasawa a kan ɗan aji ɗaya, da harshen da yake mafarki da shi. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, an yi maganar azuzuwa da kujeru da ɗaukar malamai. Ya kamata a tambayi nawa aka ware don abin da yaron zai karanta idan ya zauna a kujerar.

Shi kansa aku bai tsira ba. Irinsa mai toka-toka da jan wutsiya, wanda ke rayuwa a dazuzzukan yamma da tsakiyar Afirka, kamu ya yi masa yawa har a 2016 ƙasashen duniya suka amince a hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Tsuntsu ne da kan yi shekara 40 ko fiye a hannun mutum, yana kuma tsige gashinsa idan aka bar shi shi kaɗai. Imam bai karanta binciken masana na yanzu ba, amma ya sa an saya wa nasa mata.

Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70. Bayan shekara takwas, a 1989, aka buga tarihin rayuwarsa da ya bari, wanda Abdurrahman Mora ya tace. Da Turanci aka buga shi.